Yadda Wayar Fitilar Mota Ta Koma Hannun Kwamfuta

A tsohuwar mota, ƙara fitila aikin minti goma ne: a feƙe waya, a jona, a naɗe da tef. Ka gwada haka da zirin fitilun LED a motar zamani, musamman ta Jamus, ka ga abin mamaki. Wani lokaci dashbod ya ce maka kwan fitila ya mutu, wani lokaci zirin ya riƙa ƙiftawa, ko ya kama na daƙiƙa biyu ya ɗauke. Zirin lafiyarsa ƙalau, mai wayarin ma bai yi kuskuren jonawa ba. Abin da ya canza shi ne wanda ke da iko da wayar, kuma canjin yana da tarihi.

Zamanin makunni da waya

Motocin farko da fitilar mai ko ta iskar asitilin suke tafiya da dare, direba ya sauko ya kunna da ashana. A 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai tsarin lantarki da Charles Kettering ya ƙera, wanda ya haɗa sitata da tartsatsin inji da fitilu. Tsarin da ya biyo baya mai sauƙi ne: wuta ta taso daga batir, ta bi ta fiyus, ta bi ta makunni, ta shiga kwan fitila, ta koma ta ƙarfen jikin mota. Haka wayarin Peugeot 504 da aka haɗa a Kaduna yake. A irin wannan mota waya ba ta san me ka rataya mata ba. Idan nauyin ya yi yawa fiyus ya ƙone, shi ke nan.

Da wayoyi suka yi yawa

Daga shekarun 1970, dokokin rage hayaƙi suka sa aka damƙa sarrafa fetur ga ƙaramar kwamfuta, wadda makanikai ke kira birenbos. Sai ga birkin ABS, ga gilashi da kujera masu lantarki. Kowace na'ura na neman wayarta zuwa ga 'yar uwarta, damin wayoyi ya yi kauri, ya yi nauyi, ga tsada.

Injiniyoyin kamfanin Bosch na Jamus suka fara neman mafita a 1983, suka gabatar da ita a 1986 a wani taron injiniyoyin mota a Detroit. Sunanta CAN. Dabarar ita ce duk kwamfutocin mota su yi magana ta wayoyi biyu kacal da aka murɗe tare. Kowane saƙo yana da lambarsa, idan biyu suka yi karo, mai ƙaramar lamba ke wucewa, ɗayan ya jira. Mercedes-Benz ta sa tsarin a motarta S-Class a 1991, ya zama ƙa'idar duniya a 1993. Daga baya wasu kamfanonin Turai suka fito da ƙanensa mai araha, LIN, mai waya ɗaya, don ƙananan abubuwa irin su madubi da fitilun cikin mota.

To, a nan ne makunnin fitila ya rasa muƙaminsa. Yanzu idan ka murɗa shi, a yawancin motoci saƙo kawai yake aikawa ga kwamfutar da ke kula da jikin mota. Ita za ta duba ko inji na aiki, ko ƙofa a buɗe take, ko batir ya yi rauni, sannan ta ba da wuta ta hanyar taransista. Tana kuma auna yawan wutar da kowace waya ke ja.

LED ta shigo

Nick Holonyak ya ƙera jar LED a kamfanin General Electric a 1962. Fara ce ta yi wuya, sai da aka samu shuɗiya mai haske tukuna, aikin da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka yi a Japan, wanda ya kai su ga lambar Nobel a 2014. Audi ta sa fitilun rana na LED a motarta A8 a 2004, Tarayyar Turai kuma ta wajabta fitilun rana ga sababbin samfuran motoci daga 2011. Daga nan kowa ya so wannan zirin haske a motarsa.

Sai dai kwamfutar da kwan fitila mai zare ta saba. Kwan sigina mai wat 21 yana jan kusan amfiya 1.75 a kan volt 12. LED mai irin haskensa ba ta jan ko rabin haka, don haka kwamfuta ta ɗauka kwan ya ƙone, ta kunna gargaɗi ko ta hanzarta ƙiftawar sigina. Wasu motocin sukan aika ɗan bugun wuta don gwada kwan ko da fitila a kashe take. Zaren kwan ba ya samun lokacin yin zafi, amma LED nan take take walƙawa. Haka nan idan kwamfuta za ta rage haske, kunnawa da kashewa take yi da sauri sosai, abin da zare ke shanyewa, wasu fitilun LED kuwa su nuna shi a matsayin ƙyalli. Idan ka ɗora dogon ziri a kan wayar da aka ware wa ƙaramin kwan, ta ga nauyi ya wuce ƙima ta yanke wutar gaba ɗaya.

Mene ne kodin?

Ƙofar shiga kwamfutar ma doka ce ta buɗe ta. Daga 1996 Amurka ta wajabta wa motoci soket ɗin OBD-II mai rami 16, wanda za ka samu a ƙarƙashin sitiyari, don a riƙa duba matsalolin hayaƙi. Kamfanoni suka yi amfani da shi wajen saita kwamfutocinsu, domin kwamfuta iri ɗaya suke sa wa motar mai tsada da mai araha, ta Turai da ta Amurka. Bambancin yana cikin jerin zaɓuɓɓuka da ake kunnawa ko kashewa. Canza waɗannan zaɓuɓɓuka shi ne kodin. Ba sabuwar manhaja kake rubutawa ba.

A 2000 wani ƙaramin kamfani a Amurka, Ross-Tech, ya fitar da manhajar da yau ake kira VCDS, wadda ta ba masu Volkswagen da Audi damar yin abin da dila kaɗai ke yi a da. A sababbin motocin Volkswagen, kowace mafitar fitila tana da tasharta a kwamfuta mai lamba 09. Za ka gaya mata irin fitilar da ke wurin, lokacin da za ta kama, da ƙarfin haskenta. Da ka ce mata LED ce, sai ta auna ta da ma'aunin LED.

Kodin fa yana da iyaka. Idan kwamfutar motarka ba ta da mafitar, babu saitin da zai haifar da ita. Zirin cikin mota mai canza launi na asali yana da ɗan guntun kwamfutarsa da ke karɓar umarni ta LIN, na kasuwa mai waya biyu ba zai ji wannan yaren ba. Kafin a taɓa komai, a adana saitin asali, kuma kada batir ya yi ƙasa ana cikin aiki. Ka kuma yi hattara da dabarar sa resista don a ruɗi kwamfuta: mai om 6 yana mayar da kusan wat 24 zafi, wanda ya isa ya narkar da roba idan aka bar shi a jikin waya.

Ƙofar ta fara rufuwa

A 2015 masu bincike biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, suka shiga tsarin wata Jeep Cherokee ta intanet tana tafe a kan titi, suka sarrafa ta daga nesa. Kamfanin Fiat Chrysler ya janye motoci miliyan 1.4 don gyara, kuma daga samfurin 2018 ya fara sa shinge tsakanin soket ɗin OBD da sauran kwamfutoci. Volkswagen ta yi makamancin haka tun daga Golf ta takwas, inda canza saiti ke buƙatar izini ta intanet daga kamfanin.

Dalilin tsaro gaskiya ne, tunda hanyar da ke ɗaukar saƙon fitila tana haɗe da ta birki da sitiyari. Amma ka tuna irin waɗannan motoci ne za su iso Kano da Maraɗi a matsayin 'yan Kwatano bayan sun gama shekarunsu a Turai da Amurka. Mai wayarin da ya koyi aiki da fitilar gwaji ya riga ya koma sayen na'urar duba kwamfuta, nan gaba kaɗan kuma zai buƙaci rajista da kamfanin da ya ƙera motar kafin ya ƙara mata ko da fitila ɗaya. Don haka idan za ka sayi mota, ka tambayi shekarar ƙirarta, ka tambayi kuma ko akwai wanda zai iya buɗe kwamfutarta a garinku.