Aure da Haraji a Sakkwato: Daga Gandu Zuwa Takardar Albashi

Sabon ango a cikin ma'aikatan Gwamnati a Sakkwato yakan duba takardar albashinsa ta watan farko bayan biki, yana tsammanin harajin da ake cirewa zai ragu tun da nauyi ya ƙaru. Ba ya raguwa. Wannan tsammani kuwa yana da asali, domin an yi zamanin da aure da haraji suke tafiya tare.

Kafin zuwan Turawa, Musulmin ƙasar Sakkwato zakka suke bayarwa. Kuɗin ƙasa irin na Kano da Zazzau bai kafu a nan ba, saboda Sakkwato ita ce cibiya, gare ta ake kawo gaisuwa daga sauran ƙasashe. Bayan an ci birnin ranar 15 ga Maris, 1903, Gwamna Lugga ya tattara kuɗaɗe iri iri ya mai da su haraji guda da dokar 1906, aka bar jangali a kan shanu. Hakimai da dagatai ke karɓa, a raba tsakanin Gwamnati da baitulmalin En'e.

A nan ne aure ya shigo. Ana ƙirga haraji a kan balagaggun maza, amma a ƙauye mai gida ke biya. Saurayin da ke noma a gandun ubansa yana da hakki a kansa: a ciyar da shi, a biya masa haraji, a yi masa auren fari. Ranar da aka raba gandu ya kafa tukunyarsa, ranar ce takardar haraji ta zama tasa. Watau a wancan zamani haraji shaida ce ta cewa mutum ya zama magidanci, ko da yake shaida ce mai ɗaci, wadda ta sa dubban 'yan cin rani barin ƙasar Sakkwato kowace shekara don neman abin biya.

Ma'aikacin albashi ya bi wata hanya dabam. Dokar harajin samu ta 1961, da dokar Jihar Arewa ta 1962, sun shimfiɗa tsarin cire haraji daga albashi kafin ya shiga hannu. An kwaikwayo shi daga Ingila, har da rangwamen mata da na 'ya'ya, saboda haka akawun da ya yi aure sai ya cika fom ya sanar, a rage masa. Sai dai rigar ba a auna ta da jikin mutanen nan ba. Rangwamen 'ya'ya ya tsaya a kan huɗu, a garin da magidanci mai 'ya'ya goma ba abin mamaki ba ne. Na mata kuwa daga baya aka soke shi. A ƙarƙashin dokar 1993 rangwamen kowane ɗa ya kai naira 2,500 a shekara, ya tsaya nan har tsadar kaya ta cinye shi.

Gyaran 2011 ya kawo rangwame dunƙule: naira 200,000 ko kashi 1 cikin 100 na samu, wanda ya fi yawa, da ƙarin kashi 20 cikin 100. Gwauro da mai mata huɗu suka zama ɗaya a idon ofishin haraji, miji da mata kuma kowa da lissafinsa.

Dokar da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu cikin Yuni 2025, wadda aka sa ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko, ta maye gurbin rangwamen dunƙule da na haya: kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar shekara, iyakarsa naira 500,000. Angon da ya kama haya a Mabera ko Arkilla yana iya kai shaidar biya a rage masa. Wanda ya yi irin na iyaye, ya gina ɗaki a gidan ubansa a cikin tsohon gari ya sa amarya, ba shi da abin da zai kai.