Hukuncin Biyan Ƙarin Kuɗi Don Zaɓen Kujera A Jirgin Sama

Tambaya: Na sayi tikitin Umara ni da iyalina, sai kamfanin jirgi ya ce in muna son zama wuri ɗaya sai mun ƙara kuɗi. Shin wannan kuɗin halal ne? In na biya kuma aka canza mini kujera, mene ne haƙƙina?

Amsa: Alhamdu lillahi, wassalatu wassalamu ala Rasulillah.

Ka sani ɗan'uwa, tikitin jirgi haya ce, irin wadda malaman Malikiyya suke kira kira'i, kamar hayar raƙumi ko jirgin ruwa a zamanin da. Abin da ka saya shi ne a kai ka gari kaza, a ba ka mazauni a ajin da ka biya. Ko'ina aka zaunar da kai a wannan aji, kamfani ya sauke nauyi. Yayin da ka ƙara kuɗi ka ayyana kujera, ta bakin taga ko mai faɗin wurin miƙe ƙafa, to ka sayi wani amfani na daban, sananne, da farashi sananne. Wannan ya halatta, kuma ba riba ba ce kamar yadda wasu suke zato, domin babu bashi a cikinsa. Sharaɗi dai a bayyana maka farashin kafin ka biya, saboda aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta gina ciniki a kan yardar juna.

Abin da ban ga dacewarsa ba shi ne a raba uwa da ƙaramin ɗanta da gangan don a tilasta mata biya. Wannan cutarwa ce.

In ka biya aka canza jirgi, ko ma'aikata suka tashe ka, ka yi musu biyayya, musamman a kujerun ƙofar gaggawa waɗanda ba a zaunar da yaro ko mara ƙarfi a kansu. Amma kuɗin kujerar naka ne, dole a mayar maka, sai fa in an ba ka makamanciyarta ka yarda. A Risala ta Ibnu Abi Zaid, wanda ya yi hayar dabba ayyananniya ta mutu a hanya, hayar ta warware a abin da ya rage na tafiyar. Asalin ɗaya ne. Ko a Amurka, dokar ma'aikatar sufuri ta 2024 ta wajabta mayar da kuɗin hidimar da aka biya ba a samu ba. Ka adana rasiɗinka, ka nemi haƙƙinka ba tare da zagin ma'aikaci ba.

Wanda ya biya kujerarsa kuwa, ba ka da ikon tayar da shi don kana da iyali, kuma ba ka zauna masa a kai ka jira ya ji kunya. Roƙonsa za ka yi. In ya bar maka ya samu lada, in ya ƙi bai yi zunubi ba.

Game da matarka ko 'yarka, in kana da hali ka biya don kada ta zauna manne da namijin da ba muharraminta ba, hakan ya fi. In babu hali, kamfanoni da yawa suna barin zaɓi kyauta in an buɗe rajistar shiga jirgi ta intanet, awa 24 ko 48 kafin tashi, sai ka gaggauta. In duk bai yiwu ba, ta nemi ma'aikata su musanya mata. In ba a samu ba ta zauna da suturarta, babu laifi a kanta.

Wallahu a'alam.