Zaɓen Kasuwa a Ƙetare: Nazarin Yadda 'Yan Ostareliya ke Sayen Gidajen Haya a Wajen Ƙasarsu, 2008 zuwa 2024

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda ɗaiɗaikun masu zuba jari daga Ostareliya suke zaɓen ƙasar da za su sayi gidan haya. An kwatanta Amurka da Niyu Zilan da Birtaniya da Japan da tsibirin Bali na Indonesiya, ta fuskar dokokin mallaka da haraji da motsin canjin kuɗi. An gano cewa ribar haya da dillalai ke tallatawa ita ce ma'auni mafi rauni. Abin da ke raba mai riba da mai asara shi ne irin mallakar da ya samu, da kuɗin da ya ci bashi da su, da kuma wanda zai saya ranar da ya tashi sayarwa.

1.0 Gabatarwa

Sama da mutum miliyan 2 ne a Ostareliya suke da gidan da suka ba da haya, akasarinsu kuma gida ɗaya tal gare su. Da yawansu malaman makaranta ne da ma'aikatan jinya da masu sana'ar hannu. Tsarin da suka taso suka tarar yana tsaye kan abu uku: fili yana ƙara daraja, banki yana ba da mafi yawan kuɗin saye, hukumar haraji kuma tana rage wa mutum zafin asara. Idan kuɗin ruwa da gyare-gyare suka zarce kuɗin haya, ana cire giɓin daga albashin da za a yanka wa haraji. Tun 1999 kuma, wanda ya riƙe kadara fiye da wata 12 rabin ribar sayarwa kawai ake lissafa masa.

Tsadar gida ce ta fara tura mutane waje. Wajen 2015 matsakaicin farashin gida a Sidni ya haye dalar Ostareliya miliyan ɗaya, alhali kuɗin hayar shekara bai wuce kusan kashi 3 cikin ɗari na farashin ba. Hukumar APRA mai sa ido kan bankuna ta taƙaita bashin masu sayen gidan haya a 2014, ta ƙara ɗaurewa a 2017. Mai dala dubu ɗari a hannu ba ya iya sayen komai a Sidni ko Melbon, amma an gaya masa za su saya masa gida sukutum a Memphis ta Amurka. Tambayar wannan bincike ita ce: wanne daga cikin ginshiƙan nan uku yake bin mutum idan ya tsallaka teku?

2.0 Waiwaye

Tun 1952 Harry Markowitz ya nuna cewa rarraba jari a kadarorin da ba sa tashi da faɗuwa tare yana rage haɗari. French da Poterba kuma a 1991 suka nuna cewa duk da haka mutane sun fi son ajiye dukiyarsu a gida. Aikin Jordà da abokan bincikensa na 2019, wanda ya duba ƙasashe 16 daga 1870 zuwa 2015, ya ƙara wa masu tallan gidaje ƙarfin gwiwa, domin ya gano ribar gidaje ta yi kunnen doki da ta hannun jari, kuma ba ta kai ta tangal-tangal ba. Sai dai wannan lissafin ƙasa ne baki ɗaya. Mai gida ɗaya a layi ɗaya bai rarraba komai ba. Binciken da ya fi kusa da batunmu shi ne na Chinco da Mayer na 2016, wanda ya nuna cewa baƙin da suka sayi gidaje a birane irin su Las Vegas da Phoenix lokacin tashin farashi sun samu ribar da ba ta kai ta 'yan gari ba. Su ma fa Amurkawa ne, daga wani gari kawai suka zo.

3.0 Dabarun Bincike

An bi hanyar kwatance. An duba dokokin kowace ƙasa da hukuncin kotu da farashin canji na tsawon lokacin. Lissafe-lissafen da aka kawo a matsayin misali na ƙiyasi ne, an kuma faɗi haka a inda suka zo.

4.0 Haraji Yana Bin Mutum

Mazaunin Ostareliya yana biyan haraji kan duk abin da ya samu a ko'ina cikin duniya. Daga 1 ga Yulin 2008 aka daina killace asarar da aka yi a waje, don haka giɓin hayar gida a ƙetare ma ana iya cire shi daga albashi. Harajin da aka biya wa wata ƙasa kuma ana rage shi daga na gida. Ke nan ginshiƙi na uku yana tafiya tare da mai jari, amma yana zuwa da wani sakamako da masu talla ba su cika ambata ba: ƙasa mai rangwamen haraji ba ta amfane shi da komai ba. Wanda ya sayi ɗaki a Dubai, inda ba a karɓar harajin kuɗin shiga daga ɗaiɗaikun mutane, ba shi da abin da zai rage, sai ya biya hukumar ƙasarsa cikakke.

Shari'ar Burton ta 2019 ta ƙara fito da wani ƙulli. Kotun tarayyar Ostareliya ta yanke cewa tunda rabin ribar sayarwa kawai ake lissafawa a Ostareliya, rabin harajin da aka biya Amurka kawai za a rage. Daga Yulin 2017 an kuma soke cire kuɗin tafiyar duba gidan haya, abin da ya fi shafar wanda gidansa ke nisan tafiyar jirgi ta sama da sa'o'i goma. A wannan shekarar ce Ostareliya ta shiga tsarin musayar bayanan asusun banki tsakanin ƙasashe, sai ɓoye hayar waje ya zama kasada.

5.0 Amurka: Darasin 2010 zuwa 2013

Ba a taɓa samun dama irin wannan ba. Kasuwar gidaje ta Amurka ta rushe, bankuna suna ta gwanjon gidajen da suka ƙwace, dalar Ostareliya kuma ta kamo ta Amurka a Oktoban 2010, har ta kai kusan 1.10 a Yulin 2011. Aka cika zaurukan otal-otal a Sidni da Melbon da Brisbane da tarukan talla, ana nuna hotunan gidaje a Detroit da Atlanta da Memphis da Florida. Da yawa sun biya ba su taɓa taka unguwar ba, cinikin biri a sama.

Ga misali na ƙiyasi. Gida na dalar Amurka 60,000, haya 750 a wata, wato 9,000 a shekara. A takardar talla wannan riba ce ta kashi 15. A cire wa mai kula da gida 900, harajin kadara na ƙaramar hukuma 1,800, inshora 700, gyara 1,500, da wata biyu da gidan ya zauna babu kowa, 1,500. Abin da ya rage 2,600 ne, kashi 4.3. Ba a sa kuɗin lauyan korar ɗan hayar da ya ƙi biya ba, ba a sa na'urar ɗumama ɗaki da ake sacewa a gidan da aka bari babu kowa ba. A unguwannin Detroit da mutane suka ƙaurace wa, kafin birnin ya ayyana fatara a Yulin 2013, irin wannan gida kan koma kango ana bin mai shi bashin haraji. Arahar da ta ja baƙo ita ce shaidar cewa 'yan gari sun duba sun wuce.

Amma a yi adalci, wasu sun ci riba mai kauri. Wanda ya saya a Atlanta ko Phoenix, inda jama'a ke ƙaruwa, ya ga farashi ya farfaɗo. Ko da ma bai motsa ba, dala 60,000 da aka saya kan canjin 1.05 ta ci dalar Ostareliya kusan 57,000, da canji ya sauka zuwa 0.72 a 2015 kuwa ta zama kusan 83,000. Ribar canji ce, ba ta gida ba, kuma da asusun banki kawai ya buɗe a Amurka da ya same ta babu ciwon kai. Ranar sayarwa kuma dokar FIRPTA ta sa a riƙe kashi 15 na kuɗin ciniki daga baƙo, sai ya cike takardu kafin ya karɓi rarar.

Miƙa wuya ga ƙwararru ma bai zama kariya ba. Asusun US Masters Residential Property Fund, wanda kamfanin Dixon Advisory ya kafa a 2011 don sayen gidaje a New York da New Jersey, ya tara kuɗin 'yan fansho da yawa, daga baya darajarsa ta zube. Kamfanin ya durƙushe a Janairun 2022, kotu kuma ta ci shi tarar dalar Ostareliya miliyan 7.2 a shekarar saboda shawarar da ba ta fifita maslahar abokan hulɗarsa ba.

6.0 Niyu Zilan da Birtaniya

Nan harshe ɗaya ne, tsarin shari'a iri ɗaya. Da Niyu Zilan ta hana baƙi sayen tsofaffin gidaje a Oktoban 2018, an keɓe 'yan Ostareliya da na Singafo saboda yarjejeniyar ciniki, kuma babu harajin hatimi kan sayen gida. Matsalar ita ce doka ba ta zama wuri ɗaya. Wa'adin da idan mutum ya sayar a cikinsa zai biya harajin riba ya fara da shekara 2 a 2015, ya koma 5 a 2018, ya kai 10 a 2021, ya dawo 2 a 2024. Cire kuɗin ruwa daga haraji ma an fara soke shi a 2021, wata gwamnati ta zo ta maido. Ga shi tattalin arzikin Niyu Zilan da na Ostareliya suna tafiya kusan tare, don haka rarraba haɗarin kaɗan ne.

A Ingila kuɗin shiga kasuwar ne ya yi nauyi. Mai gida a ko'ina a duniya idan ya ƙara wani yana biyan ƙarin harajin hatimi, kashi 3 daga 2016, kashi 5 daga ƙarshen Oktoban 2024, ga wani kashi 2 na wanda ba mazauni ba tun 2021. Ɗan Sidni mai gidan kansa da ya sayi ɗaki na fam 200,000 a Manchester zai biya ƙarin fam 14,000 kafin ya karɓi makulli.

7.0 Japan da Bali: Me Aka Saya?

Waɗannan biyu hutu ne ya kai mutane. 'Yan Ostareliya sun san Niseko da Hakuba ta wasan ƙanƙara, sun san Canggu da Seminyak ta bakin teku, kuma su ne suka fi kowa yawa cikin baƙin da ke zuwa Bali. Sanin wuri a matsayin baƙo na mako biyu daban yake da sanin kasuwarsa.

Japan ba ta hana baƙo mallakar fili ba. Abin da ya rushe a nan shi ne ginshiƙi na farko. Yawan jama'a yana raguwa tun wajen 2008, ƙidayar 2023 kuma ta samu gidaje kusan miliyan 9 babu kowa a ciki, kashi 13.8 na gidajen ƙasar. A lissafin haraji, ginin katako shekara 22 ne rayuwarsa, masu saye kuma suna gudun abin da aka gina kafin dokar girgizar ƙasa ta 1981. In ban da tsakiyar Tokyo da Osaka da wasu 'yan wurare, wanda ya saya yana jiran farashi ya tashi zai daɗe yana jira. Mai niyyar ba masu yawon buɗe ido haya kuma dokar 2018 ta taƙaita shi ga kwana 180 a shekara, sai in ya nemi lasisin masauki.

Bali ta fi rikitarwa. Dokar ƙasa ta Indonesiya ta 1960 ta keɓe cikakkiyar mallaka ga 'yan ƙasa. Abin da ake sayar wa yawancin baƙi haya ce ta dogon zango, galibi shekara 25 zuwa 30. A ƙiyasce, kwantiragin shekara 25 yana cinye kashi 4 na uwar kuɗi kowace shekara, don haka ribar kashi 12 da aka tallata ta koma 8 tun ba a biya ma'aikata ba. Masu sa sunan ɗan gari a takarda suna riƙe yarjejeniya a gefe kuwa, doka ta ɗauki cinikin a matsayin ɓatacce, fili ma yana iya komawa hannun hukuma. Daga Maris 2020 tsibirin ya yi kusan shekara biyu babu baƙi, kwanakin kwantiragi kuwa suna ta tafiya.

8.0 Bashi da Hanyar Fita

A Atlanta ko Manchester, idan mutum ya tashi sayarwa akwai iyalai 'yan gari da banki zai ba bashi su saya. A Niseko ko Canggu mai saye na gaba galibi wani baƙon ne, wanda abin da ya hana mai sayarwa sukuni, faɗuwar kuɗi ko rufe iyaka, shi ma ya same shi. Gwamnatoci kuma suna iya rage masu sayen da alƙalami ɗaya, kamar yadda Kanada ta hana baƙi saye daga Janairun 2023, Fotugal kuma ta cire gidaje daga hanyar samun izinin zama a ƙarshen shekarar.

Ginshiƙin banki shi ne wanda sam ba ya tsallaka teku. Bankunan Ostareliya ba su cika karɓar gidan ƙetare a matsayin jingina ba, na can kuma ba sa sakin jiki da wanda ba mazauni ba. Abin da aka saba yi shi ne mutum ya ƙara cin bashi a kan gidan da yake kwana a ciki, ya kai kuɗin waje. Daga nan bashinsa yana dalar Ostareliya, hayarsa tana wani kuɗin dabam. Wanda ya yi haka ya sayi ɗaki a Osaka a farkon 2022 ya ga abin da ke biyo baya. Babban bankin Ostareliya ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 0.10 zuwa 4.35 tsakanin Mayun 2022 da Nuwamban 2023. Dalar Ostareliya da ke sayen yen 80 da 'yan kai ta koma sayen sama da 100 a 2024. Ɗan hayarsa bai fasa biya ko wata ɗaya ba, amma abin da ke isowa Sidni ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuɗin ruwan da banki ke cira ya ninka ko ya fi, jinginar kuma gidan iyalinsa ne.