Yola da Jimeta: Garin Fada da Garin Bakin Kogi

Abin da hukuma ke kira Yola, babban birnin Jihar Adamawa, a hakika garuruwa biyu ne da ke da tazarar kimanin kilomita 9 a tsakaninsu, kowanne da asalinsa da halinsa, ko da yake gine-gine sun cike filin da ya raba su har baƙo ba ya gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Akwai tsohuwar Yola, mazaunin Lamiɗo, wadda ta faɗa cikin Ƙaramar Hukumar Yola ta Kudu, akwai kuma Jimeta a gaɓar Kogin Binuwai, wadda ita ce Yola ta Arewa, inda gidan gwamnati da manyan kasuwanni da bankuna suke. Fada ce ta kafa ta farko, ruwa da ciniki suka raya ta biyu, kuma galibin tarihin wurin labari ne na yadda nauyi ya riƙa komawa daga ɗaya zuwa ɗaya.

Modibbo Adama, malamin Fulani wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1809, shi ne ya kafa masarautar da mutanenta suka kira Fombina, wato ƙasar kudu a Fulatanci. Ya fara zama a Gurin, kusa da Kogin Faro, daga baya ya koma Ribaɗu, sai a 1841 ya zaɓi tudun da ya zama Yola, wuri mai tsayin da ambaliya ba ta kai masa, mai fadamar kiwo a gefe, ga kuma duwatsun Verre daga kudu. A nan ya rasu a 1847, 'ya'yansa suka yi ta gadon juna: Lawal har zuwa 1872, Sanda har zuwa 1890, sannan Zubairu. A zamaninsu ikon Yola ya kai har Garwa da Ngaundere da Tibati da Banyo, garuruwan da a yau duk suke cikin Kamaru, kuma fataken Hausawa daga Kano da Katsina suna zuwa neman hauren giwa da bayi, suna kawo tufafi, har wasunsu suka zauna suka kafa unguwar da har yanzu ake kira Wuro Hausa. Baturen Jamus Heinrich Barth ya iso a watan Yuni na 1851, amma da yake ta Borno ya biyo, alhali tsakanin Borno da Fombina ba daɗi, Lamiɗo Lawal ya sallame shi bayan 'yan kwanaki kaɗan.

Kogin ne ya jawo wa masarautar Turawa. Kamfanin Neja na Ingila ya fara ciniki a nan cikin shekarun 1880 daga wani jirgi da aka ɗaure a bakin ruwa, Faransawa suka aiko Louis Mizon a farkon shekarun 1890 yana neman amincewar Lamiɗo Zubairu, sannan a 1893 Ingila da Jamus suka shata iyaka a takarda, suka bar birnin a hannun Ingila, mafi yawan ƙasar da yake mulka kuma a hannun Jamus. Da wuya a sami wata masarauta a daular Sakkwato da rabon Turawa ya yi wa irin wannan illa. A watan Satumba na 1901 sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka hau kogin lokacin da ruwa ya cika, suka ci Yola da yaƙi, Zubairu ya fita, aka naɗa ɗan'uwansa Bobbo Ahmadu a madadinsa, shi kuwa Zubairu ya ci gaba da gwagwarmaya har aka kashe shi a 1903.

Daga wannan lokaci tauraron Jimeta ya fara haske, domin nan ne jiragen ruwa ke iya tsayawa, nan kuma Turawan mulki da kamfanoni suka kafa ofisoshi da kantuna da rumbunan ajiya. Daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Oktoba, lokacin da Binuwai ke da zurfi, jirage na kwasar gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga zuwa tashoshin bakin teku, su dawo da gishiri da kananzir da yadi. Wannan ciniki na wata uku a shekara shi ya tara wa garin mutane iri-iri, Bata da Fulani da Hausawa da Barebari da Nufawa da Yarabawa da Ibo, shi ya sa kuma Hausa ta zama harshen kasuwar Jimeta yayin da Fulatanci ya ci gaba da riƙe fada. An haɗe garin da Yola a 1935, ya sake samun majalisarsa a 1955. Cinikin ruwa ya mutu sannu a hankali bayan da tituna da manyan motoci suka ƙwace kaya, yashi ya cike hanyar jirage, Kamaru kuma ta kammala madatsar Lagdo a 1982, wadda ta sauya tafiyar kogin, kuma idan an saki ruwanta a shekarun damina mai ƙarfi, kamar 2012 da 2022, unguwannin bakin ruwa da gonakin fadama ne ke ɗanɗanawa.

Abin da ya hana garuruwan biyu durƙushewa shi ne mulki da ilimi. An mai da Yola hedikwatar Jihar Gongola a 1976, ta ci gaba a matsayin ta Adamawa bayan an cire Taraba a 1991, aka buɗe Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 1981 a hayin kogi ta wajen Girei, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Modibbo Adama, sannan Atiku Abubakar ya kafa Jami'ar Amurka ta Najeriya, wadda ta fara ɗaukar ɗalibai a 2005. Gwaji mafi tsanani ya zo a ƙarshen 2014, lokacin da Boko Haram ta kama Mubi, jama'a suka kwararo Yola da Jimeta, wasu suka sauka a sansanonin Malkohi da Damare da harabar Cocin Santa Teresa, mafi yawansu kuwa gidajen dangi da na mutanen gari suka ɗauke su. A 2015 bama-bamai suka tashi a Jimeta, ciki har da na masallacin Juma'a na Jambutu a watan Oktoba. Daga 2019 zuwa yanzu, a mulkin Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri, gadojin sama da sabbin tituna sun sauya fuskar Jimeta sosai.

Masu nazarin birane kan kawo misalin Bilbao, birnin yankin Bask a arewacin Sifen, wanda masana'antun ƙarfe da na ƙera jirage suka mutu masa a shekarun 1980, ya tsaftace Kogin Nervión, ya gina gidan tarihi na Guggenheim a tsohon filin tashar ruwa a 1997, baƙi suka riƙa zuwa hutun kwana biyu ko uku saboda shi. Arzikin wuraren biyu ba ɗaya ba ne, kwatancin kuma ba ya tafiya da nisa, amma yana nuna abin da sabunta Jimeta ya tsallake, domin duk aikin ya fuskanci titi ne ya juya wa kogin baya. Mai ziyarar 'yan kwanaki zai ga fadar Lamiɗo Muhammadu Barkindo Aliyu Musɗafa, wanda ya gaji mahaifinsa a 2010 bayan mahaifin ya yi shekara 57 yana mulki, zai ga kayan sarauta a gidan tarihin Fombina da ke fadar, da gonakin rani na Tafkin Geriyo, amma gaɓar da jiragen gyaɗa suka riƙa tsayawa ba ta da wani tanadi domin baƙo, masunta da masu kwale-kwale da masu ɗibar yashi ne ke amfani da ita.