Tarihin Tantance Ɗan Haya a Birnin Doha, 1963 zuwa 2022

Tsakure

Wannan muƙala ta bibiyi dokokin hayar gidajen kwana a Doha, babban birnin ƙasar Katar. Ta nuna cewa duk da takardun da doka ta shigo da su, har yanzu matsayin baƙo a wurin wanda ya ɗauke shi aiki shi ke yanke hukuncin inda zai kwana.

Gabatarwa

Tambayar da mai gida ke yi wa baƙo tsohuwa ce: wa ya san ka, wa zai tsaya maka? A zangunan Hausawa na Kurmi da Gwanja, fatoma ne ke amsa ta. Shi ke saukar da falke, ya ajiye masa kaya, ya lamunce shi a gaban masu saye da bashi, kamar yadda Abner Cohen ya bayyana a nazarinsa na 1969 a kan Sabon Ibadan. A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf akwai makamancin wannan tsari, wato kafala, sai dai a can hukuma ce ta mayar da shi doka. Daga wannan tushe ne za a fahimci hayar gida a Doha.

Asalin matsalar

Doha ta tashi ne a matsayin garin masunta da masu nutson lu'ulu'u. An fara fitar da man fetur a 1949, ma'aikata suka riƙa kwararowa. A 1963 aka kafa dokar shiga da zaman baƙi, wadda ta zama ginshiƙin ɗaure zaman baƙo da kafilinsa. Ƙidayar 1970 ta sami mutum kimanin 111,000 a ƙasar. A 2004 adadin ya kai kusan 744,000, a 2010 kuwa ya doshi miliyan 1.7. Mafi yawan waɗannan baƙi ne da ba su da damar mallakar gida, don haka haya ce makomarsu. Doka mai lamba 2 ta 1975 ita ce ta daɗe tana tafiyar da alaƙar mai gida da ɗan haya, amma an tsara ta ne domin ƙaramin gari.

Dokar 2008

Lokacin da Doha ta karɓi baƙuncin wasannin nahiyar Asiya a 2006, kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabo, har gwamnati ta ƙayyade ƙarin da za a iya yi a shekara. Wannan matsi ne ya haifar da Doka mai lamba 4 ta 2008. Dokar ta wajabta rubuta yarjejeniyar haya da yi mata rajista a hukumar birni, ta ɗora nauyin rajistar a kan mai gida, ta kuma kafa kwamitin warware rigingimun haya ƙarƙashin jagorancin alƙali. Ƙarfin dokar yana cikin sharaɗi guda: mai gidan da bai yi rajista ba, ba a sauraren ƙararsa. Gyaran da aka yi a 2017 ya tsawaita wa'adin rajista daga kwana 30 zuwa 60, ya kuma rage kuɗinta zuwa rabin kashi ɗaya cikin ɗari na hayar shekara.

A aikace, mai gida ko dillali kan nemi katin izinin zama, da wasiƙar albashi daga wurin aiki, da cakin banki na watannin da ke tafe. Idan aka duba da kyau, dukkan ukun suna komawa ga ma'aikata guda. Ta hanyarta ake samun izinin zama, ita ke rubuta wasiƙar, ita kuma ke zuba albashin da cakin ya dogara da shi. Tunda dokar hukunta laifuka ta 2004 ta ɗauki bayar da cakin da babu kuɗi a bayansa a matsayin laifi, jinkirin albashi na iya jefa ɗan haya cikin shari'a ba tare da sakacinsa ba.

Iyali da gwauro

Mataki na biyu ya fi tsanani. Doka mai lamba 15 ta 2010 ta haramta zaunar da tarin ma'aikata a unguwannin iyalai, aka ƙara mata ƙarfi a 2019. A 2020 wani ƙuduri na minista ya fayyace cewa ma'aikata fiye da biyar a gida ɗaya sun shiga wannan hani. Daga nan ya zama wajibi mai gida ya bincika ko mai neman hayar yana tare da iyali, domin tara na iya hawa kansa. Akasarin waɗanda ake kira gwauraye magidanta ne da suka baro matansu a Nepal ko Bangladesh ko Kenya, saboda albashinsu bai kai abin da ake buƙata kafin a kawo iyali ba. Mafi ƙarancin albashin da ya fara aiki a Maris 2021 riyal 1,000 ne, da 500 na muhalli da 300 na abinci. A Oktoba 2022, gab da gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya, kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa an fitar da ma'aikata daga gine-gine a unguwar Mansura cikin 'yan sa'o'i. Hukumomi sun ce matakin na cikin tsohon shirin sake tsara birnin, kuma an sama wa mutanen wani matsuguni.

Kammalawa

Gyare-gyaren 2018 da 2020 sun sassauta kafala ta fuskar fita daga ƙasa da sauya wurin aiki, amma ba su warware igiyar da ta haɗa muhalli da aiki ba. Fatoman zango yana lamuntar baƙo da sunansa, in baƙon ya ci amana shi ke biya. A Doha kuwa nauyin ya koma kan baƙon, alhali takardun da ake auna shi da su suna hannun wani. Masu neman zamanantar da dokokin haya a Kano ko Maraɗi suna da abin lura a nan: rajista da kwamitin sasanci suna kare ɓangarorin biyu, matuƙar ba a jingina haƙƙin matsuguni da yardar uban gida ba.