Bayan an kashe allon, wa ya rage a aji?

Da yawa cikinmu na ɗauka korona ce ta kawo karatu ta allo. Ai abin ya girme mu. Tun 1964, zamanin Diori Hamani, Nijar ta fara gwada koyarwa ta talabijin ga ƴan lakwal na Yamai, da taimakon Faransa. Ku duba tsarin: a nuna gajeren darasi da Faransanci, a kashe akwatin, sai mai kula da aji, moniter ke nan, ya tashi ya maimaita da yara, ya yi tambayoyi, ya gyara lafazi.

A 1997 Bankin Duniya ya ƙaddamar da jami'ar nesa ta Afirka, UVA. Darasi na zuwa ta tauraron ɗan Adam, amma ɗalibai na taruwa ɗaki guda tare da malami mai taimaka musu. Nan ma ba a bar allo shi kaɗai ba.

A watan Maris 2020 aka rufe jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. Darussa da dama suka koma PDF a WhatsApp. Mai kuɗin forfe ya sauke, marar shi ya jira. Wanda ya sauke ma, in ya kakare, wa zai tambaya? Moniter ne ya ɓace.

To, duk ranar da aka ce za a gama intanet da aji, mu ɗalibai mu nemi a rubuta cikin jadawali awowin da malami zai zauna da mu, ido da ido, bayan an kashe allon.