Pizaro da Gwamna Lugga

'Yan'uwa, yaranmu na nan Germantown suna karanta labarin Pizaro, mutumin Sifen da ya kama Atahuwalfa sarkin Inka a 1532, ya karɓi fansar zinariya, sa'an nan ya kashe shi a 1533. Sun ce azzalumi ne. To, namu fa?

Sojan Gwamna Lugga sun ci Kano da Sakkwato a 1903, suka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi, suka kashe shi. Wai ai Lugga ya hana cinikin bayi. Ba mu musa ba. Amma a 1906 sojansa suka shafe garin Satiru, aka kwashe mata da yara zuwa Sakkwato, aka rarraba wa manya. Da hannun sarakunanmu a ciki, kada mu ɓoye wa yara wannan.

Har yau majalisar dokokin Kaduna a zauren da ke da sunansa take zama.